Sarkin Kasuwar Ƙadangaru

Ku da kuke aikin nan yanzu kun ɗauka tara mutane shi ne aikin. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a raba ruwan sanyi, wani mai babbar riga ya yi jawabi, a ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, a ɗauki hoto da waya, kafin azahar kun koma ofis kun rubuta cewa jama'a sun amince. Makon jiya biyu daga cikinku suka zo gaishe ni, ɗayan har yana nuna mini hoton hannuwa a sama yana cewa, "Baba, ai yanzu abin ya yi sauƙi, awa biyu mun gama da gunduma guda." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Kalmomin nan uku, jama'a sun amince, ni ma na taɓa rubuta su da hannuna, da kyakkyawan rubutu kuwa, kuma sai da na shekara huɗu ina ɗanɗana kuɗata.

Sunana Sa'idu. Na kama aikin raya karkara a Gusau jim kaɗan bayan an gama yaƙin basasa, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga takardar makaranta, ga wandon kaki mai kari. Aikinmu shi ne mu shiga ƙauyuka mu jiyo abin da mutane suke bukata, ko rijiya, ko kwalbati, ko ɗakin shan magani, ko kasuwa, mu rubuto, domin in manya sun zauna kasafin kuɗin shekara a san inda za a sa hannu. Kayan aikina keke ne, da littafin rahoto mai takardar kabon, da tef ɗin awo, da ƙaramin allo da alli, da lasifika mai batir wadda nake ji da ita kamar me. Ko babu dalili sai na hura ta na ce, "Ana ji? Ana ji?"

Wanda aka haɗa ni da shi don ya koya mini aiki wani gajeren dattijo ne, Malam Jabbi. Nasa kayan aikin buzu ne, da goro a cikin jiƙaƙƙen tsumma, da sanda. Ranar da ya fara ganin lasifikata ya jujjuya ta, ya leƙa cikinta, ya miƙo mini.

"Abin ga baki gare shi babba," ya ce, "amma ban ga inda anka sa mai kunne ba."

A zuciyata na ce tsohon nan zamani ya wuce shi.

Aikin farko da na bi shi wani ƙauye ne a hayin gulbi, kusa da Bungudu. Aka taru a ƙofar gidan dagaci. Dagaci ya ce shi a ganinsa ɗakin saukar baƙi ake so, saboda in ma'aikata sun zo rangadi ba wurin kwana. Jama'a suka ce, "Madalla, haka na, ranka ya daɗe." Kafin su rufe baki na rubuta. Ina shirin hawa keke sai Malam Jabbi ya ce mu biya ta bakin gulbi ya wanke ƙafa. Wankin ƙafar nan sai da ya ci mu har la'asar. Ya shimfiɗa buzunsa a gangaren da ake sauka cikin ruwa, ya fasa goro, ya zauna. Muna nan jakuna suka riƙa zuwa da lodin rake da dankali, gangaren ya miƙe tsaye ga santsi. A gabanmu jaki biyu suka zame, ɗaya har mangalarsa ta faɗa ruwa, mai shi yana zaginsa kamar jakin ne ya gina gangaren. Malam Jabbi bai tambayi kowa me yake so ba. Ya miƙa wa mai jakin ɓarin goro ya ce, "In anka kawo duwatsu da siminti, wa ka jerawa?" Mutumin ya ce, "Ni." Wani daga tsallake ya ɗaga murya ya ce, "Har da ni da ɗiyana huɗu."

Da muka tashi ba gida muka nufa ba. Malam Jabbi ya koma wurin dagaci, suka keɓe su biyu a zaure. Washegari dagacin ne da kansa ya aiko cewa ya sake shawara, gyaran mashigi ya fi, kuma har ya rasu yana ba da labarin yadda dabarar ta faɗo masa. A hanya Malam Jabbi ya ce mini abu uku. Kada ka tambayi mutanenmu ko sun yarda a gaban babba, don kunya ba za ta bar su su ce a'a ba. Ka tambaye su wa zai fara. Kuma in ana taro, ka bar kallon mai magana, ka duba wa ya sunkuyar da kai. Na ce to. Irin to ɗin mutanen ƙauyen nan na yi masa, ya shiga ta nan ya fita ta can.

A shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama Malam Jabbi ya ajiye aiki, ya koma gonarsa a Bungudu. Aiki na farko da aka ba ni ni kaɗai shi ne kasuwar Tungar Kanya, wani gari da ake ratsewa daga hanyar Tsafe. Kasuwarsu ta Laraba a tsakiyar gari take, a matse, da damina caɓi har idon sawu, kuma a ranin da ya wuce gobara ta lashe rabin rumfunan kara. An yarda a gina musu sabuwa, sai dai a ji daga bakin jama'a tukuna. Magajin garin, mutum mai kirki da son ci gaba, ya ba da gonarsa kyauta a kan tudu, bakin hanyar mota. Wuri ne mai kyau, har gobe ba zan ce ba shi da kyau ba.

Na isa da lasifikata, na jingina allo a jikin bango, na zana layukan rumfuna. Na yi bayani ya fi awa guda, har da Turanci ina tsarmawa. Magaji da masu unguwanni da limamai suna kan shimfiɗa a gaba, manoma da 'yan koli a baya. Can gindin bango, kusa da inda aka ɗaure jakuna, wasu mutane biyar ko shida suna tsugune, rigunansu duk maiƙo. Mahauta ne, da shugabansu, Sarkin Fawa Ɗanjumma, wani dogon baƙi mai furfura a gemu. Da na ce, "Jama'a, kun amince?" gari ya ɗauka, "Mun amince!" Shi kuwa yana ta zane a ƙasa da ɗan tsinke. Na gan shi sarai, da idona. Sai na ce a raina, mahauci ne, me ya sani game da tsarin gari?

Aka yi gini a ranin da ya biyo. Maginin Baba Sande ne, wani Bayarabe Kirista da ya girma a Sabon Garin Gusau, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da wasunmu. Rumfuna layi shida, ginshiƙan siminti, rufin kwano yana walƙiya tun daga hanya. A can ƙuryar baya aka yi kwata, wato dandamalin simintin da ake yanka a kai, da magudanar jini a gefe, kamar yadda zanen da aka aiko mana ya nuna. Ranar da zai zuba simintin kwatar ya tsaya da cebur a hannu.

"Malam Sa'idu, wannan wuri an nuna wa masu wuƙa kuwa?"

"Suna wurin taro ai, Baba. Kowa ya amince."

"To," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Shi ma to ya ce. Ku lura da yawan to ɗin da ke cikin labarin nan.

Ranar buɗewa aka sha biki. Manya suka zo daga Gusau, aka yanke ƙyalle, aka yabe ni a bainar jama'a, kaina ya yi girman da hula ba ta shiga. Laraba ta zagayo, na yi sammako don in ga cinikin farko. Hantsi ya yi, rana ta take, ba kowa sai wata tsohuwa mai daddawa da ta zo ta duba ta juya. Daga cikin gari kuwa ina jiyo hayaniya da kiɗan kalangu, kasuwa tana ci a tsohon wurinta, cikin tokar gobara. Magaji ya ji kunya, ya tura yaransa suka koro mutane da kayansu. Suka zo suka zazzauna a rumfunan kamar masu zaman makoki. Mahauta suka aiko cewa ba su sami dabba ba a wannan mako. Mako na biyu ba su samu ba, na uku ma haka. Mutanen Kucheri da 'Yankuzo da suke zuwa cin kasuwar suka fara karkata wasu wurare. Da Magaji ya ga garinsa zai rasa kasuwa ɗungurungum sai ya kawar da kai, kowa ya sulale ya koma inda ya saba. A duk wannan abu babu mutum ɗaya da ya buɗe baki ya ce a'a.

Sai ga shekarar fari ta faɗo a kai. Gero ya bushe a tsaye, shanu suna faɗuwa a hanya, mutane suna neman rijiya ido rufe, ga rumfuna layi shida a kan tudu awaki suna shan inuwa, ƙadangaru suna ɗaga kai a kan kantocin siminti kamar masu taya kaya. Duk motar da ta bi hanyar sai an nuna wurin da baki. Wani ɗan kamasho ya raɗa mini suna Sarkin Kasuwar Ƙadangaru, sunan kuwa ya riga ni isa Gusau. Aka ba ni takardar tuhuma, aka liƙa mata kwafin rahotona, aka ja jan layi a ƙarƙashin kalmomin nan uku. Aka karɓe keken da lasifikar, aka tura ni ɗakin fayil-fayil ina kakkaɓe ƙura da kashin ɓera. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san laifina ba. Ai na tambaye su, sun ce sun amince.

Sai da na yi shekara biyu girman kai bai bar ni na je wurin Malam Jabbi ba. Da na je, na same shi a fadama yana ban ruwan albasa. Bai yi mini dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana motsi. Na kwashe labari kaf na faɗa masa.

"Wa yas sadda kai ƙasa ran taron?" ya ce.

Na ce, "Sarkin Fawa."

"Kaj je wurinai?"

"Ban je ba."

Ya ajiye ƙwaryar ban ruwa. "Sa'idu, kasuwa ba kwano ta ba. Nama ka kiran kasuwa. Mahauci ya kada sa, makaɗinai ya buga kalangu, gari ya ji. Bahillace ya koro dabba don ya san akwai mai saye, matatai ta biyo shi da nono. Sun samu kuɗɗi su auni hatsi, su sai gishiri da zane. In mai wuƙa bai zauna ba, ko da zinari kay yi ruhi, ƙadangaru ka ci. Tahi ka zauna wurinsu. Ka tuɓe kakin ga, kuma kak ka ɗau littahi."

Daga nan na shiga aikin da ba wanda ya sa ni. Duk Larabar da na sami dama sai in nemi izini, in hau motar kasuwa da 'yar shara a jikina, in je in zauna a gefen rumfar mahauta a tsohuwar kasuwa. Laraba ta farko Sarkin Fawa ya amsa gaisuwata bai dube ni ba. Ta biyu yaransa suka riƙa tambayar juna da ƙarfi ko nawa ake sayar da ƙadangare a Gusau. Na haɗiye. Ta uku aka rasa mai riƙe ƙafar sa, na tashi na riƙe, ya shure ni na faɗi cikin tumbi, kasuwa ta kwashe da dariya. To ranar ce Sarkin Fawa ya miƙo mini tsire tsinke biyu. Da aka watse ya ce in ɗauko bokitin ruwa in biyo shi.

Muka hau tudu, bokitin yana kaɗa mini a ƙafa, don daga rijiyar gari zuwa can tafiya ce. Kafin mu isa hannuna ya sage, ban kuwa bukaci a gaya mini cewa wannan ma yana cikin karatun ba. Ya tsaya a kan kwatar da na gina, babu ko inuwar kara, simintin yana ƙona tafin ƙafa.

"Malam, ina gabas?"

Na nuna.

"To nan muka kada sa, bisa hagu nai, wuya na kallon alƙibla. Zuba ruwan ga inda wuƙa ka bi."

Na zuba. Ruwan bai yi gabas ba. Ya juyo da baya, ya bi ta inda gangar jikin san za ta kwanta, ya malale dandamalin gaba ɗaya kafin ya sami magudana a yamma. Mun bi zane, mun juya magudanar don kada ta kalli hanyar mota, ba wanda ya tuna da alƙibla. Duk dabbar da aka yanka a nan cikin jininta za ta kwanta, fata ta ɓaci, nama ya ɓaci, kuma ba ruwan wankewa. Na tsaya ina kallon jiƙaƙƙen simintin nan. Shekaru ina neman laifina a cikin fayil, ashe bokiti guda ya isa ya nuna mini shi.

"Sarki, don me ba ka faɗa ba tun ran taro?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "An tambaye mu? Kai da masu rawunna kunka yi zancenku, mu muna gindin bango da jakkai. Kuma Magaji yab ba da gonatai. Ni mahauci in tashi gaban jama'a in ce kyautatai ba ta yi ba? Ba haka munka taras ba."

Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daga ranar na bi sauran masu sana'a ɗaya bayan ɗaya, kowa a inda yake kasa kayansa. Mata ma'auna suka ce kantocin sun yi tsawo, su a zaune suke awo, kuma an sa su a tsakiyar maza. Masu nono suka ce inuwar itace suke so, kwano yana tsinka musu nono. Dillalan dabbobi suka ce ba a bar musu turke ba. Duk ƙananan abubuwa ne, ba wanda ya kai kuɗin layin rumfa guda, kuma da na tambaya tun farko da ba a kashe ko sisi a kansu ba. Kowa kuma ban bar shi ba sai na ce masa, "In an gyara, wa zai fara?"

Ana cikin haka aka kafa ƙananan hukumomi, aka sami majalisa da kansiloli. Da aka zo kasafin farko, ina kakkaɓe fayil na ga daftarin. An kawo shawarar a kwashe kwanon kasuwar Tungar Kanya da katakonta a rufa wata tashar mota. In aka yi haka, ginshiƙai ne za su rage a bakin hanya, da sunana a kansu har jikokina. Mai shawarar shi ne ma'aji, Mista Bulus, mutumin Kafancan, mai gaskiya da riƙon tsiya, wanda in ka ga ya yi murmushi to an soke wani aiki ne. Na same shi a ofis na ce a ba ni siminti kaɗan da kuɗin ginin rijiya, sauran aikin gayya ne, mutane sun yi alkawari. Na miƙa masa rahoto shafi huɗu. Ya tura mini abina da ɗan yatsa.

"Malam Sa'idu, na taɓa karanta takardarka, rubutunka yana da kyau ƙwarai. Wannan karon mutum nake so, ba takarda ba. Ka kawo wanda zai faɗa da bakinsa a gaban majalisa."

Nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da bai iya magana a ƙofar gidan Magaji ba, shi zan kai zauren majalisa a Gusau? Sai na tuna zauren dagacin ƙauyen nan na kusa da Bungudu. Na tafi wurin Magaji, na jira fada ta watse, muka saura mu biyu. Ban ce masa wurin bai yi ba, don wurin ya yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, gonarka za a mayar kango, kuma laifina ne, ni na gina kwata a juye. Akwai mai maganin abin a garinka, amma bakinsa a ɗaure yake sai kai ka kwance shi." Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ɗanjumma tun muna yara muke tare. Shekara huɗu bai hwaɗa min ba?" Na ce, "Girmanka ya gani." Ya goge ido da gefen rawani, ya ce a kira masa shi.

Ranar zaman majalisa muka shiga mu uku, ni da Magaji da Sarkin Fawa. Sarkin Fawa ya sa wankakkiyar riga mai shuni, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Wani kansila ya toshe hanci da wasa ya ce, "Yau kuma fawa za a yi a majalisa?" Wani ya ce, "Ai Sarkin Ƙadangaru ne ya zo da waziri." Aka yi dariya. Na miƙe ba lasifika ba allo, na ce rahoton farko ni na rubuta shi, kuma ba gaskiya ba ne, don na tambayi waɗanda ba su kasa kaya a kasuwa na bar masu kasawa. Dariyar ta tsaya. Shugaban majalisa ya ce to me mahauta suka ce? Sarkin Fawa ya sunkuyar da kai, ya fara zane da yatsa a kan siminti. Sai Magaji ya juya ya ce, "Sarkin Hwawa, ni nac ce ka hwaɗi."

Ya ɗago. "Allah shi ba ku nasara. Ni ban san kasahi ba. Amma in anka gyara kwata jini ya bi gabas, anka ba mu siminti, mu mahauta mu ka gina rijiya da hannunmu. Ran da anka ƙare, ni ka kada san hwari, nawa na kaina. In nama ya kwana, asarata ta. Ku zo ku kwashe kwanonku, ni ka riƙa muku tsani."

Mista Bulus ya cire tabarau, ya ɗauki jan biro, ya soke layin kwashe kwano, ya rubuta wani a ƙasa. Bai yi murmushi ba, shi ya sa na san mun samu.

Baba Sande ya dawo da guduma. Muka fasa tsohuwar kwata, aka sake ta a ƙasan tudu gindin wata kanya, rijiya daga sama, ramin jini daga ƙasa. Wannan karon Sarkin Fawa ne mai duba aiki, da bokiti a hannu. Sau uku yana zuba ruwa yana sa a ƙara gangara, Baba Sande yana cewa, "Sarki, ka bari haka, kada san da kansa ya zame ya tafi Makka." Aka rage tsawon kantocin ma'auna aka ware musu layinsu, aka kafa turaku, matasa suka yi wa masu nono rumfar zana kafin itatuwan da muka dasa su girma. Ba wanda aka kora, ba wanda aka yi wa shela. Magaji ya so ya tura yaransa, na roƙe shi ya bari.

Larabar da aka sa, bayan sallar asuba aka kayar da bajimin Sarkin Fawa. Jini ya bi gabas tiryan-tiryan. Makaɗin mahauta ya saɓa kalangu ya tsaya a kan tudu ya fara. Rana ta fito, ba kowa. Hantsi ya soma, ba kowa sai mu da ƙudaje, nama a rataye, Sarkin Fawa yana wasa wuƙar da ba ta bukatar washi. Can sai ga matan Fulani uku sun ɓullo daga hanyar daji da ƙore a ka. Suka tsaya a mararraba, hanyar gari a hagu, tudu a dama, suka kasa kunne. Ta gaban ta gyara gammo ta yi dama. Bayansu mai gishiri da jakinsa. Bayansa ma'auna a jere, kowace da tabarma da mudu. Sai tsohuwar nan mai daddawa, wadda ta duba ta juya shekara huɗu da suka wuce, ta zo ta dire tallanta a layin farko kamar gadonta ne. Kafin rana ta take ba ka jin kalangun ma saboda hayaniya, aka aika gari a kawo sa na biyu. Na yi murnar da har na rungume Baba Sande a tsakiyar kasuwa, shi da rigar zuwa coci, ni da jini a ƙafar wando.

Makaɗin ya hango ni, ya biyo ni yana kiɗa yana kirari, "Sarkin Kasuwar Ƙadangaru, yau talakawanka sun yi hijira!" Har yau in na je garin da sunan nan tsofaffi suke kirana, kuma ina amsawa da ƙarfi. A watan aka mayar mini da kekena. Lasifikar na ce su bar ta a sito.

Sarkin Fawa ya aika wa Magaji tozo kamar yadda aka saba, ni kuma ya ƙunsa mini tsoka mai kyau a ganye. Ban kai ta gida ba. Na tari motar Gusau, daga can na hau ta Bungudu, na isa fadamar Malam Jabbi rana tana shirin faɗuwa. Na ajiye ƙunshin a kan buzunsa. Ya buɗe, ya shinshina, ya latsa naman da yatsa.

"Na ina?"

"Na tudu, Malam. Sa biyu aka yanka."

"Ya kai la'asar?"

"Kafin azahar ko ƙashi babu."

Ya naɗe ganyen a hankali, ya ciro goro daga tsummansa, ya fasa, ya ba ni babban ɓarin, abin da bai taɓa yi ba duk zamanmu.

"To tahi ka rubuta," ya ce. "Yanzu sunka amince."